Mu Manoman Kura Mu Duba Lambatunmu

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana manoman rani na Kura, Garun Malam da Bunkure.

Gonar da nake nomawa gadon mahaifina ce, kuma ruwan Tiga take sha tun ina yaro. An gama madatsar nan a 1974, zamanin Audu Bako, ta ciyar da mu har mun yi jikoki. Amma bana da na je gyaran fangali, sai na tarar gefen gonar ya yi fari fat, kamar an barbaɗa kanwa. Tumatirin da na dasa a wurin ya tsaya cak, ganyen ya ƙone ta baki-baki. Na ƙara taki, ashe ba yunwa ke damunsa ba.

Ruwa ne ya yi yawa. Lambatun da ya kamata ya kwashe rarar ruwa ya cike da laka da kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, wani ma ya cinye rabinsa ya shuka shinkafa a ciki. Ruwan ya kwanta, rana ta tsotse shi, gishirin ya zauna a ƙasa. Ga mu nan kuma, mu na bakin kanal, mu buɗe ruwa da magariba mu tafi gida mu kwanta, na ƙarshen layi yana kwana a gona da tocila yana jiran ɗigo. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba.

Abin bai tsaya kanmu ba. Duk wanda ya je Haɗeja ko Nguru ya ga yadda kacala ta toshe hanyoyin ruwa, don ba abin da take so irin wurin da ba ya bushewa. Masunta na kuka, tsuntsun janbaki kuma ya samu masauki a cikinta, daga nan yake sauka kan shinkafar mutane.

Sai maganar feshi. Makon jiya na ga yaro yana wanke jarkar maganin ƙwari a kanal, taku kaɗan ƙasa da shi yara na wanka, shanun Fulani na sha.

Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: a sa ranar gayya a yashe lambatu kafin a saki ruwan rani mai zuwa, a kuma ci tarar duk wanda ya bar ruwa ya kwana a buɗe. Ina da shebur biyu da baro, a fara ta layinmu.

Naka,
Wani manomin rani,
Kura, Jihar Kano