Rahoton Ayyukan Shekara: Gyaran Tsohon Zaure a Cikin Birnin Sakkwato

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. Aikinmu na bana kusan duk ya ƙare ne a kan gini ɗaya, wato tsohon zauren ƙasa da ke tsakanin Hubbaren Shehu da Ƙofar Rini, wanda magada suka ba mu izinin gyarawa.

Dattawan gidan sun ce zauren ya riga zuwan Turawa, watau yana tsaye tun kafin yaƙin Giginya na 1903. Fasalinsa bai saɓa wa maganarsu ba: bango na tubali mai kauri daga gindi yana sirancewa zuwa sama, bakan gizo biyu (ginin da ake lanƙwasawa kamar baka don ya ɗauki rufi) da suka gitta juna, da rufin azara. Irin ginin da aka san garin da shi ke nan tun da Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809. Mun naɗi muryar dattawan, mun auna ginin, mun ɗauki hotunansa kafin a taɓa komai, kuma za mu miƙa kwafi ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu.

Ba tsufa ne ke kashe zauren ba, ruwa ne. Indararo biyu sun toshe da ƙasa da ledoji, sai ruwan watan Agusta ya riƙa kwanciya a kan soro yana tsatsafowa ta wuyan azara. Na ukun ya karye, yana zuba a jikin bango. Ɓarnar da ta fi ba mu takaici kuwa ita ce shafen siminti da aka yi wa bangon gabas shekarun baya, da kyakkyawar niyya. Siminti ba ya kama ƙasa, kuma ba ya barin danshi ya fita. Daga waje bangon sumul yake, amma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Da aka ɓamɓare shi, tubalin da ke ciki ya riga ya zama gari, gara ta yi hanyoyi a ciki har zuwa rufi.

Don haka muka fara daga sama, bayan ɗaukewar damina. An tokare bakan gizon da itace kafin a kwashe ƙasar rufi, domin in aka sauke nauyi gefe ɗaya baka yana iya buɗewa. Kowace azara an soke ta da basilla. Wadda ta nutse an cire. Sababbin na namijin giginya ne, shi ne gara ba ta cika ci ba, kuma ba a bar ko ɗaya ta haye fiye da ƙafa shida ba tare da madogara ba. A kai aka shimfiɗa zana, sannan ƙasa, aka karkata ta zuwa bakin indararo. An tsawaita indararon yadda ruwa zai faɗi nesa da gindin gini.

A bango, jar ƙasa aka jiƙa, aka tattake da ciyawa, aka bar ta ta ruɓa kwanaki ana juyawa. Tubalin ya yi mako biyu a rana. Nan muka yi kuskure ɗaya: kashin farko na yaɓe an yi shi da kauri a tashi ɗaya cikin hunturu, ya tsattsage. Aka kankare, aka sake shi siriri sau biyu, ana barin na farko ya sha iska.

Shafen ƙarshe bai kammalu ba. Mun so laso, wato haɗin katsi (abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini) da gashin jima da dafara (wani tsiro mai yauƙi). Gashin jima ba ya wuya a Sakkwato, majema na nan, amma katsi ya yi ƙaranci saboda marina sun ragu. Mun yi amfani da makuba ta ɓawon ɗorawa, wadda sai an riƙa sabuntawa.

Bayanin kuɗi na wurin ma'aji, za a karanta a taro. Abin da ke gabanmu baɗi: gyaran zankwaye biyu da suka gutsure, jan magudanar ruwa a lungun yamma, da sharar soro kafin ruwan farko. Matasa biyu sun zauna da maginin da ya yi mana aikin tun daga kwaɓa har yaɓe, muna neman ƙarin huɗu. Duk wanda ya san marinar da ke da katsi, don Allah ya sanar da sakatare kafin bazara.