A Koya Wa Yaran Tela Siririyar Kalmasa Da Keken Obalok

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin ƴan'uwana teloli na Maraɗi kan wani aiki da muke sakaci da shi, wato siririyar kalmasar bakin mayafi da gyale da ake yi da keken obalok.

Shagunan ɗinki da dama a garin nan sun mallaki wannan keke, Juki ne ko Brother ko Siruba, amma akasarinmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba sai datse bakin yadi daga ciki don kada ya zare. Kafin Babbar Sallar da ta wuce wata baiwar Allah ta kawo mini mayafin shifon da aka kalmashe mata a wani shago da keken ɗinki na yau da kullum, ninki biyu, bakin ya yi kauri ya tattare kamar bakin buhu. Da na tambaya sai ta ce ai akwai obalok a shagon, a gabanta ma yaro yake aiki da shi.

Abin takaicin shi ne gyara keken domin wannan aiki ba ya cin minti 10. Keken mai zare 4 allura 2 gare shi, sai a cire ta hagu a bar ta dama, zare ya koma 3. Daga nan a ja da baya ɗan harshen ƙarfen nan da ke jikin farantin da ke ƙarƙashin allura, wanda zare ke naɗewa a kansa, domin muddin yana nan bakin yadi ba zai naɗe ba, a miƙe zai fito. A kekunan gida da yawa maɓalli ne kawai ake turawa zuwa harafin R, a wasu kuwa sai an sauya farantin. Sai a rage tsawon ɗinki zuwa milimita 1 ko 1 da rabi, a ƙara ɗaure zaren ƙugiyar ƙasa, wato ta ƙasan cikin ƙugiyoyi biyun keken da ke zagaya zare a bakin yadi. Wannan ɗaurin shi ne asirin aikin, saboda shi ke janyo zaren ƙugiyar sama ya zagayo ta baya, ya naɗe bakin yadin a cikinsa, kalmasar ta fito faɗinta bai wuce milimita 2 ba. Na sha ganin yaro ya cire allura ya rage tsawon ɗinki, amma ya manta da wannan zaren, sannan ya ce keken ne ya lalace.

Yadi mai laushi irin shifon yana son siririyar allura, lamba 70, kuma wuƙar keken da ke datse bakin yadi ta kasance mai kaifi. Dakusasshiyar wuƙa tauna yadi take yi, ta bar gashi-gashi yana leƙowa ta tsakanin zare, kuma da ƙurar da muke sha a lokacin hunturu, keken da ba a sharewa ana sa masa mai ba zai ba da ɗinki mai tsafta ba. Idan kalmasar tana zamewa daga jikin yadin, a ɗan matsar da wuƙar domin ta bar isasshen bakin yadi da zai naɗe, ko a ƙara tsawon ɗinkin kaɗan, don yawan huda wuri ɗaya yanke shifon yake yi. Ni dai ba na sa mayafin kowa a keke sai na gwada a ƙyallen da aka rage daga jikinsa.

Laifin namu ne mu masu shaguna, ba na yara ba. Muna barin yaro ya shekara yana guga da ɗinka maɓalli, kuma muna hana shi taɓa mazaunin zaren obalok don tsoron kada ya birkita mana, ga shi zura zare a wannan keke aiki ne mai cin rai, musamman ana jiran wuta ta dawo. Ina kira ga iyayen gidan sana'a da su ware ko da yammacin rana ɗaya a mako, bayan hada-hadar Sallah ta lafa, su zaunar da yaransu su kwance zaren su sake zurawa da hannunsu har su iya. Haka kuma ina roƙon masu sayar da kayan ɗinki a Babbar Kasuwa da su riƙa kawo ƙananan allurai da wuƙaƙen sauyi, domin sau da yawa sai mun yi saƙo Katsina ko Kano kafin mu samu.

Na gode.

Naka,
Wani tela, unguwar Zariya, Maraɗi