Wasiƙa zuwa Jidda a kan maganar sola

Gadarif, Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai sunan Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Mahaifiyarka tana gaishe ka, sukarinta ya ɗan daidaita a watan nan, alhamdulillahi.

Saƙon muryarka na daren Juma'a na saurare shi har sau uku. Ka ce ka ga kayan sola a wani shago a nan Jidda, alluna goma sha biyu da manyan batura, har da na'urar sanyaya ɗaki ta mahaifiyarka, kuma za ka karɓi bashi a wurin aikinka ka saya, ka auno su ta jirgin ruwa zuwa tasharmu ta Sawakin. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka kamar yadda kake yi mana. Solar muna so, ba na ɓoye maka. Amma ban yarda da bashin ba, ban kuma yarda a sayo kayan daga can ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, don a waya kana tare min numfashi da "Baba kada ka damu".

Ka san halin da muke ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 wutar lantarki ta zama baƙuwa, kuma a farkon 2025 da jirage marasa matuƙa suka faɗa wa tashoshin wuta na Marawi da Shuwak, sai garin ya koma duhu ɗungurungum. Gidan da ka bari da mutum shida ya cika maƙil tun da gwaggonka da 'ya'yanta suka gudo daga Madani a Disambar 2023. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne allurar sukarin mahaifiyarka. Rannan na tarar da ita ta naɗe kwalbar a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye a gindin randa, tana zagayowa kowace awa tana yayyafa ruwa. Ba ta ce min komai ba. Na fita waje na tsaya.

Wannan ne ya tura ni kasuwa bara ba tare da na shawarci kowa ba. Na sayi allo ɗaya da aka rubuta wat 300 a bayansa, da baturan babbar mota guda biyu, wurin wani mai shago da ya rantse min za su yi shekara uku. Wata biyar suka yi. Kafin ƙarfe ɗaya na dare fanka ta tsaya, daga baya ma baturan suka kumbura. Da na koma, shagon ya zama wurin sayar da takalma. Kuɗin riɗin da na sayar ne ya tafi. Araha ba ta ado, na gani da idona.

Ɗan gwaggonka, wanda ya yi karatun lantarki a Madani, shi ya zaunar da ni a ƙarƙashin rumfa da littafi da biro. Ya ce min, "Kawu, ba daga allo ake farawa ba, daga dare ake farawa." Da rana, rana ce ke ciyar da gida. Da dare kuwa batir ne kaɗai, kuma batir ne ke cinye kuɗi. Sai muka bi gidan ɗaki ɗaki. Ka tuna yadda muke sayen wuta da kilo a mitar jamra, wadda ake biya kafin a sha wuta? Kilo ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Fankar sama tana cin wajen wat 70. Guda uku na awa goma kilo biyu ke nan da ɗoriya. Ƙwayaye shida masu wat 10, ƙasa da rabin kilo. Firji kilo ɗaya da rabi a yini da kwana, a irin zafinmu ma ya kan haura. Talabijin da cajin wayoyi kaɗan ne. Daren gidanmu bai wuce kilo uku da rabi zuwa huɗu ba. Idan aka haɗa da na rana, wato mukayyif na ruwa, mai sanyaya iska da ruwa, da injin tura ruwa zuwa tanki, gaba ɗaya wajen kilo takwas.

Allo mai wat 550, bayan an cire abin da zafi da ƙura da waya suke ci, yana ba da kilo biyu da 'yan kai a yini. Huɗu sun ishe mu a rani. Mu ƙera ƙarfen da zai ɗauki shida, saboda hadarin damina, in Allah Ya hore a ƙara biyu daga baya. Goma sha biyu na mene ne?

Na san amsarka, na'urar sanyaya ɗaki. Ita kaɗai tana jan wat 1,500 ko fiye. In ta kwana tana aiki za ta ci abin da ya fi na gidan nan duka a yini da kwana, sai an ninka batir sau uku. Na tambayi mahaifiyarka. Ta ce ita firjinta take so, da fanka a kan gadonta har asuba. Mukayyif na ruwa yana cin wat 200 zuwa 300 ne, kuma a busasshiyar iskar rani yana aiki sosai.

To ga inda nake so kuɗinka ya tafi. Batir iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai dalma da ruwan asid, yana da sauƙin kuɗi, amma rabin abin da ke cikinsa kaɗai ake taɓawa, in ka zuƙe shi ƙarƙaf kullum ka kashe shi. Wanda aka rubuta wa 200 Ah a bolt 12 yana ɗauke da kilo 2.4, naka a ciki 1.2 ne, sai ka jera huɗu kafin su raba mu da dare. Kuma zafi maƙiyinsa ne. An auna ƙarfinsa a digiri 25, kowane ƙarin digiri goma yana rage kwanansa da wajen rabi, ga Gadarif tana haura 40 a watan Afrilu. Na mota kuwa, irin wanda na saya, don tayar da inji na 'yan daƙiƙu aka yi shi, ba don jan fanka dare guda ba. Ɗayan shi ne litiyam, wanda ake rubuta wa LiFePO4. Da tsada a hannun farko, amma ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa kowane dare, yana kuma jure caji sau dubbai. Guda ɗaya mai kilo biyar ya wadace mu. Gara mu rage alluna mu sayi wannan. Za mu ajiye shi a ɗakin da ya fi sanyi, ba a ƙarƙashin kwano ba.

Infata, na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, mai kilowat uku ta isa, amma ta zama mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta gwamnati, don injin firji da na ruwa suna jan ninki uku ko fiye a lokacin tashi, kuma gurɓatacciyar wuta tana ƙona su. Wani abu da wataƙila mai shagon bai gaya maka ba: wutar Saudiyya hez 60 ce, wato bugawa sittin a daƙiƙa, tamu 50. Wasu infatocin ana iya sauya su, amma kayan da ke da inji a ciki ba duka ke yarda ba.

Babban dalilina dai na ƙin sayowa daga Jidda shi ne damani, wato garanti. Allo gilashi ne, tsawonsa ya haura mita biyu, nauyinsa ya kusa kilo talatin. Daga Sawakin zuwa nan sai ya bi ta Haya da Kasala a bayan mota, ga kuɗin jirgi, ga kwastan. Tsagewar da ido ba ya gani tana rage masa ƙarfi. In infata ta mutu bayan wata huɗu, wa zan kai wa ƙara? Ina son mai shagon da yake da gida a garin nan, wanda zan iya samunsa a masallaci. Ana kawo allunan kamfanonin Jinko da Longi da Trina, amma akwai jabu masu ɗauke da sunayen. Ɗan gwaggonka zai duba lambar da ke ƙarƙashin gilashi ta dace da ta baya, ya auna kowane allo da mita da tsakar rana kafin a ɗora a mota.

Wajen kafawa ya ce su fuskanci kudu, a ɗan jingine wajen digiri 15, a bar sarari a ƙarƙashi iska ta wuce, don allon da ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake. Reshen darbejiyar da ke kan ɗakinka sai an sare shi. Inuwa a kan allo ɗaya tana jan sauran ƙasa. Za a sa waya mai kauri, da fiyus, da ƙarfen ƙasa saboda tsawar damina, a kuma yi wa kusoshin walda saboda iska da ɓarayi. Wanki da asuba, aikin yara ne.

Sai maganar biya. Bashi a ƙasar mutane ba kamar bashi a gida ba ne. Kana da iƙama da za ka sabunta, da haya, da yara. In aikin ya tsaya gobe, bashin ba zai tsaya ba, ni kuwa ba zan iya barci a ƙarƙashin fankar da ta ɗaure ɗana ba. Ƙanenka ya yi maganar murabaha a banki, wato banki ya sayi kayan ya sayar mana bashi da riba. Halal ce, amma ribar da za a ɗora a wannan lokaci da fam ɗin Sudan ke zubewa ba ƙarama ba ce, mu bar ta a matsayin mafita ta ƙarshe. Ka ce kuna sanduƙ da abokan aikinka, irin adashin nan. Ka roƙe su ɗaukarka ta zo da wuri, ka riƙe kuɗin a riyal. Kada ka canja su sai ranar da muka tsayar da ciniki, sannan ka turo ta manhajar banki ta Bankak a biya a ranar, don farashin safe ba shi ne na yamma ba. Batir da infata naka ne. Alluna da ƙarfe da kuɗin aiki na ƙanenka ne da ni, daga riɗin bana. Ka bar shi ya sa hannu, shi ma ɗa ne, kada ka kwashe ladan kai kaɗai.

Mai aikin ba za mu ba shi kuɗinsa duka ba sai wuta ta kwana bakwai ba ta yanke ba. Za a rubuta fatura, wato rasit, da lambar kowane kaya da tsawon damaninsa, da shaidu biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, babu kunya a ciki.

Ka karanta wannan da matarka, don kuɗin gidanta ne ake magana a kai, sannan ka gaya min watan da ɗaukarka za ta faɗo. Ranar Asabar ni da ɗan gwaggonka za mu zaga shaguna uku mu karɓo farashi a rubuce, zan ɗauki hotonsu in turo maka. In ka shiga Makka ka sa mahaifiyarka a addu'a, da ƙasar nan baki ɗaya. Ka shafa min kan yara.

Wassalam.

Mahaifinka