Neman Shawara Kan Gyaran Jita Da Bai Yi Kyau Ba

Assalamu alaikum Malam. Ina yi maka fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya ƙara basira a kan shawarwarin da kake bai wa masu sauraro.

Ni mai koyar da kiɗa ne, kuma da jitar katako mai tsirkiyoyin ƙarfe shida nake aikina. A kwanakin baya jakinta, wato katakon da ke manne a fuskarta yana riƙe da gindin tsirkiyoyi, ya fara ɗagowa ta baya har takarda tana shigewa ƙarƙashinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga jitar da ta kwana biyu, domin tsirkiyoyin suna jan jakin da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70 dare da rana, ga shi kuma zafi yana sassauta gam. Na kai ta wurin wani mai gyara, muka daidaita a kan zai cire jakin, ya kankare tsohon gam, ya mayar da shi mazauninsa, kuma na biya shi kuɗinsa cif.

Jakin dai ya zauna daram, amma ba a inda yake tun asali ba. Ya matsa gaba wajen wuyan jitar da kusan milimita 3, har ana ganin siririn layin katako marar fenti a bayansa. Wanda ba ya kiɗa zai ce wannan ba komai ba ne, alhali kuwa da tsawon tsirkiya aka auna tazarar duk ƙarafan da ke jere a wuyan jita. Idan aka danna tsirkiya a ƙarfe na 12, wanda ke tsakiyarta, ya kamata ta maimaita sautin da take bayarwa idan ba a danna ta ba, sai dai a mataki na sama. Tunda tsirkiyar ta gajarce, duk abin da na danna yanzu yana haure inda ya kamata, kuma kuskuren yana ƙaruwa yayin da hannu ke gangarowa zuwa cikin jitar. Ba zan iya koyar da yaro sauraron sauti da kayan da ke yi wa kunnensa ƙarya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gam ɗin da ya yi amfani da shi, irin mai haɗi biyu ɗin nan da ake cakuɗawa a liƙa ƙarfe. Masu sana'ar suna zaɓen gam ɗin katako ne da gangan, saboda yana saki idan aka ɗumama shi, ta yadda za a iya sake gyara nan gaba. Wannan kuwa da wuya ya saki ba tare da ya ɓanɓaro fuskar jitar ba, wadda kaurinta bai wuce milimita 3 ba.

Da na koma masa, da farko cewa ya yi kunnena ne, sai da na auna masa da na'urar saita sauti a gabansa sannan ya amince, ya ce in bar ta zai sake aikin kyauta. Wani mai gyaran da na nuna wa ya ce za a iya barin jakin a inda yake, a cike ramin da ke jikin jakin, inda siririn ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa yake zaune, a yanka sabo a baya kaɗan, amma kuɗin aikin zai fi na farko.

Malam, a nan ne na rasa abin yi. Mutumin bai yi mini rashin kunya ba, kuma na san adalci ne a bai wa mai sana'a damar gyara kuskurensa, sai dai hannun da ya kasa auna mazaunin jaki ban yarda zai iya cire shi lafiya ba, kuma idan fuskar ta tsage babu mayarwa. Shin ina da hakkin in ƙi tayinsa in nemi ya mayar mini da kuɗina, ko ya ɗauki wani kaso na kuɗin gyara na biyu? Idan kuwa ina da shi, da wane lafazi zan tunkare shi don kada ya ɗauka ina neman ɓata masa suna, musamman da yake yarjejeniyarmu ta baki ce?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naka mai sauraro a kullum.