Zuwa ga aminina a Amurka, batun littafin yara

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyi, ya karatu, ya madam da yara? Mu nan Kano alhamdulillah, zafi ne kawai da tsadar kaya.

Littattafan nan masu hotuna da ka aiko wa yara sun iso, Allah ya saka da alheri. Wanda suka fi so shi ne na yadda ake yin doka, amma fa na sha tambaya wallahi, don komai na ciki naku ne na can, sanatoci 100, wakilai 435, ni kuma ina ta gyara musu cewa mu namu sanatocin 109 ne, uku-uku daga jihohi 36 sai ɗaya na Abuja, wakilai kuma 360. To ɗan aji uku ina ruwansa da wannan lissafin?

Abin da na lura, yaranmu sarki suka sani. Suna ganin hawan sallah, dawakai, algaita, dogarai da jajayen riguna, to a wajensu ai gwamnati kenan. Auta ma cewa ya yi sarki ne ke biyan gwamna albashi! Kansila kuwa ko sunan ba su taɓa ji ba, alhali kullum yana wucewa ta layinmu.

Shi ya sa nake ganin mu yi namu da Hausa, kuma kar a fara daga Abuja. A fara da kwatar unguwa da ta toshe da damina, shafin farko ruwa ya shiga gidaje, na biyu iyaye sun je wajen mai unguwa, sai kansila ya kai maganar sakatariya gaban ciyaman, a nuna ma inda kuɗin ke fitowa, harajin kasuwa da kason da ke zuwa daga asusun tarayya duk wata. Ƙananan hukumomi 774 muke da su, Kano kaɗai 44, kusan kowane yaro ya taɓa ganin ƙofar sakatariya. Daga nan sai a hau sama, gwamna, majalisar jiha, kotu, layin zaɓe da dangwale ga wanda ya kai 18. Kuma dan Allah kar a zana cewa washegari an gyara kwatar, yaran nan ba wawaye ba ne, a bar iyayen su yi ta zirga-zirga ko shafi biyu ne.

Kai ka iya zane tun muna firamare, ni zan rubuta labarin. Turo min ta WhatsApp ko shafi huɗu ne in gwada a kan su Auta. Ka gaida madam, Hajiya ma tana gaishe ka.

Naka har kullum.