Kwamfuta ma tana tauye mudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A shafinku na kimiyya na makon jiya marubucin ya ce kwamfuta ba ta kuskure, sai dai mai aiki da ita ya yi. Shekara 31 na yi ina koyar da lissafi kafin in ajiye alli, kuma babu maganar da ta fi ba ni wuyar cirewa daga kan ɗalibai kamar wannan. Ku ba ni fili in kawo labarin mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa a kan kuskuren kwamfuta.

Sunansa James Wilkinson, mutumin Ingila, an haife shi a 1919, ya rasu a 1986. A 1946 ya kama aiki a cibiyar gwaje-gwajen kimiyya ta ƙasarsu da ke Teddington, tare da masanin lissafi Alan Turing. Bayan Turing ya bar wurin, yana cikin waɗanda suka haɗa kwamfutar da ake kira Pilot ACE, wadda ta fara aiki a 1950.

Kwamfuta tana da iyakar lambobin da za ta iya riƙewa. Ka ce ta raba 1 gida 3, dole ta yanke wutsiyar 0.3333 a wani wuri. Kamar mai awo ne da yake shafe bakin mudu: ƙwaya biyu a mudu ɗaya ba komai ba ne, amma idan awon ya kai miliyan fa? Wannan ya tsorata manyan masana. A 1943 wani masani, Harold Hotelling, ya yi ƙiyasin cewa, a hanyar nan ta Gauss da muke koya wa yara don warware layukan lissafi da yawa a haɗe, kuskuren zai iya ninkawa sau huɗu duk lokacin da aka ƙara layin lissafi guda.

Wilkinson sai ya juya tambayar. Ga yadda nake yi wa ɗalibaina bayani. Tela ya ɗinka maka riga, ba ta zauna cif-cif ba. Maimakon ka tsaya auna kuskurenta, tambayi kanka: jikin wa za ta yi wa daidai? In mutumin da za ta zauna wa bai bambanta da kai ba sai da faɗin gashi, to tela ya yi aikinsa. Da irin wannan tunani ya nuna cewa amsar da na'ura ta bayar amsa ce ta gaskiya ga wata tambaya da ke dab da wadda aka yi mata, kuma hanyar Gauss, in an bi ta da kula, abar dogaro ce.

Amma wata tambayar ita kanta ce mai tsautsayi. Ya ɗauki (x−1)(x−2) har zuwa (x−20), ya daidaita shi da sifili, wanda ko ɗan sakandare ya san amsoshinsa 1 zuwa 20 ne. In aka buɗe shi, lambar da ke jikin x¹⁹ ita ce −210. Ya taɓa ta da abin da bai wuce 0.00000012 ba. Amsar 20 ta koma 20.8, guda goma kuwa suka fice daga layin lambobi gaba ɗaya. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa a duk aikinsa bai ga abin da ya girgiza shi kamar wannan ba. Ni ma ranar da na fara gwadawa na ɗauka idona ne.

Littattafansa na 1963 da 1965 har gobe ana komawa gare su. Tsare-tsaren da ya wallafa da Christian Reinsch a 1971 su aka mayar EISPACK, wani tarin manhajojin lissafi, ɗaya daga cikin tubalan da Cleve Moler ya gina MATLAB a kansu, manhajar da ɗaliban injiniyanmu suke dannawa ba su taɓa jin sunan Wilkinson ba. An ba shi lambar yabo ta Turing a 1970.

Ina roƙon marubucin naku ya buɗe Python, harshen rubuta manhaja, ya rubuta 0.1 + 0.2. Jikata ta gwada min a wayarta jiya da daddare, ta samu 0.30000000000000004. Sai ya faɗa mana wanda ya yi kuskuren, ita ko na'urar.

Naku,
Wani tsohon malamin lissafi,
Tudun Wada, Zariya