A riƙa ambaton marina da masaƙa

Ya mai girma Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ce, kuma da saƙi da rinin baba nake haɗa kayan da nake fitarwa kowace sallah. Ina jin daɗin hotunan baje kolin sutura da kuke bugawa, amma ban taɓa ganin an ambaci masu aikin farko ba.

Kafin almakashina ya taɓa yadi, marini ya riga ya sha wahala. A marinar Kofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, baba da toka ake jiƙawa a rami su yi kwanaki suna tsima. Ana tsoma yadi, a ciro shi ya sha iska, a sake tsomawa, har shuɗin ya kama. Dole in kai yadin gaba ɗaya a rina lokaci guda, in ba haka ba launin riga da na zane ba za su zo ɗaya ba. Da damina kuwa, shanya kaɗai tana iya cinye mako.

Saƙi ma siriri yake fitowa daga hannun masaƙi. Sai an jera an haɗe shi, an wanke ya gama tsukewa, sannan a yi awo. Wannan haɗin ya fi ɗinkin kansa cin rai, wallahi.

Don Allah ku tura wakilinku wurin marinan nan da masu bugun yadi don ya yi sheƙi, a ji nawa ake biyansu, a kuma rubuta sunayensu a ƙarƙashin hoto kamar yadda ake rubuta namu.

Wassalam,
Wata tela daga Kano